Agogon Taylor da Famfon Alwala: Tarihin Ra'o'in Gudanarwa Tsakanin Aji da Masana'anta

Gabatarwa

A shekarata ta ƙarshe a sashen nazarin harkokin kasuwanci, an tura ni wata masana'antar roba a Kano domin in tattara bayanan kundin kammala digiri. Na shiga ƙofarta da ra'o'i cike da ka, na haddace ƙa'idoji goma sha huɗu na Fayol, na san matakalar buƙatun Maslow kamar yadda na san hanyar gidanmu. Kafin in cika wata guda a wurin, takardar da na rubuta da hannuna ta raba samari biyu da abincinsu, alhali ba su yi laifin komai ba. Wannan abin ne ya sa na koma ɗakin karatu, na bi sawun ra'o'in da aka koya mini ɗaya bayan ɗaya, ina tambayar inda aka haife su, da matsalar da aka haife su domin ta, da abin da ya faru ranar da aka fara gwada su a kan mutane. Abin da na tarar shi ne kuskuren da na yi ya girme ni da sama da shekara ɗari. Wannan maƙala tarihin wannan kuskure ne, da tarihin waɗanda suka yi ƙoƙarin gyara shi.

Mutumin da Ya Zo da Agogo

Kusan duk littafin koyar da gudanarwa da Frederick Taylor yake buɗewa. An haife shi a 1856 a Filadelfiya ta ƙasar Amurka, ɗan masu hali ne, amma ya zaɓi ya fara daga ƙasa a kamfanin ƙarfe na Midvale, ya hau har ya zama babban injiniya. Abin da ya tsone masa ido tun yana heluma shi ne yadda ma'aikata suke jan ƙafa da gangan, kowa yana daidaita saurinsa da na ɗan'uwansa, domin sun san duk ranar da suka nuna iyakar ƙarfinsu, za a rage kuɗin da ake biya a kan kowane guntun aiki. Maganin da ya kawo shi ne a rarraba kowane aiki gaɓa-gaɓa, a auna kowace gaɓa da agogon daƙiƙa, a fitar da hanya guda da ta fi kowace, sannan a tilasta wa kowa bin ta.

Misalin da ya yi suna da shi ya faru a kamfanin ƙarfe na Bethlehem a 1899. Leburori suna lodin curin ɗanyen ƙarfe mai nauyin laba 92 a cikin taragun jirgin ƙasa, kowane mutum yana loda tan goma sha biyu da rabi a yini. Taylor ya ce lissafinsa ya nuna za a iya loda tan arba'in da bakwai da rabi. Ya zaɓi wani lebura da ya laƙaba wa suna Schmidt, aka riƙa gaya masa lokacin da zai ɗauka da lokacin da zai huta, ya kuwa cika adadin, ladansa ya tashi daga dala 1.15 zuwa dala 1.85 a yini. A aji, a nan labarin yake tsayawa, mu kuma mu rubuta shi a jarrabawa mu ci maki. Sai dai wanda ya karanta littafin da Taylor ya fitar a 1911 zai ga shi kansa ya amsa cewa mutum ɗaya ne cikin takwas yake iya jure wannan aiki. Aikin ya kusa ninkawa huɗu, ladan bai ko ninka biyu ba. A 1974 kuma wasu masana biyu, Wrege da Perroni, suka binciki takardun lokacin, suka nuna cewa Taylor ya yi wa labarin gishiri sosai, kuma yadda yake ba da shi ya riƙa sauyawa daga shekara zuwa shekara.

Ranar da agogon ya gamu da mutanen da ba su yarda ba ta zo a watan Agusta na 1911, a masana'antar makamai ta gwamnati da ke Watertown. An tura wani mai auna lokaci sashen zubin ƙarfe ba tare da an zauna da masu zubin ba. Ɗaya daga cikinsu ya ƙi yarda a tsaya a kansa da agogo, aka sallame shi, sauran suka ajiye kayan aiki suka bi shi. Yajin aikin na mako guda ne kawai, amma ƙurarsa ta kai majalisar dokoki. Aka kafa kwamitin bincike, Taylor ya bayyana gabansa a watan Janairu na 1912, a 1915 kuma majalisa ta hana amfani da agogon auna aiki a masana'antun soja, hanin da bai tashi ba sai a 1949. Awon Taylor yana da amfani, kuma har gobe da shi ake tsara aiki a masana'antu. Abin da ya ɓata shi a Watertown shi ne wanda ake aunawa ba shi da bakin magana a kan abin da za a yi da sakamakon awon.

Abin da Aka Ji a Hawthorne

Shekara goma sha uku bayan Watertown, kamfanin Western Electric ya fara wani gwaji a masana'antarsa ta Hawthorne, kusa da Shikago. Tambayar mai sauƙi ce: idan an ƙara hasken fitila, aiki zai ƙaru? Aka ƙara haske, aiki ya ƙaru. Aka duba rukunin da ba a taɓa fitilarsu ba, su ma nasu ya ƙaru. Aka rage hasken, aikin bai faɗi yadda aka zata ba. Daga 1927 sai aka keɓe mata biyar masu haɗa wasu ƙananan na'urorin tarho a ɗaki na daban, aka riƙa ba su hutu, ana rage musu awoyi, ana shawara da su kafin kowane sauyi. Aiki ya yi ta hawa, har lokacin da aka janye hutun ma bai koma inda yake a da ba. Elton Mayo na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa suka fassara wannan da cewa ɗan Adam yana ƙara himma idan ya ga an kula da shi, an kuma saurare shi. Daga nan aka yi hira da ma'aikata kimanin 21,000.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne na ƙarshe, na 1931 zuwa 1932, inda aka zuba ido a kan maza goma sha huɗu masu haɗa wayoyi. An tsara musu lada yadda duk wanda ya ƙara aiki zai ƙara samu, amma sai aka ga sun yanka wa kansu adadin da suke ganin ya isa aikin yini. Wanda ya zarce sai a yi masa ba'a, ko a kai masa naushi a dantse, wanda ya gaza shi ma ba a raga masa. Wato a cikin kowace masana'anta akwai hukuma biyu, wadda aka zana a takarda da wadda ma'aikata suka kafa a tsakaninsu, kuma sau da yawa ta biyun ce ke da iko da saurin inji.

Shi ma wannan labari an tace shi kafin ya iso ajinmu. Ba a cika gaya wa ɗalibi cewa a farkon 1928 an cire biyu daga cikin matan nan biyar saboda an ce sun faye surutu da jan ƙafa, aka maye gurbinsu da wasu ba, ko cewa an sauya musu tsarin biyan kuɗi yadda ƙoƙarin kowacce ya fi tasiri a kan abin da za ta karɓa. Masu suka, irin su Alex Carey a 1967, sun ce tsoron kora da ƙarin kuɗi sun isa su bayyana abin da aka jingina wa kyakkyawar mu'amala. Su kuwa mazan nan goma sha huɗu, suna jan aiki ne a tsakiyar karayar tattalin arzikin duniya, lokacin da gama aiki da wuri yake nufin a sallami wani. Gwajin ma da kansa sallamar ma'aikata ce ta kawo ƙarshensa.

Yadda Matsala Ta Shiga Aji

Tun kafin Taylor ya yi suna, jami'o'i sun fara tunanin koyar da kasuwanci. A 1881 attajiri Joseph Wharton ya ba da kuɗin kafa makarantar da ke ɗauke da sunansa a Filadelfiya, a 1908 kuma Harvard ta buɗe tata, inda Taylor da kansa ya riƙa zuwa yana ba da lacca. Matsalar malaman farko ita ce ba su da abin koyarwa tsayayye. Likita yana da asibiti, lauya yana da kundin shari'o'i, mai koyar da gudanarwa kuwa sai allo da alli.

Wallace Donham, lauyan da ya zama shugaban makarantar ta Harvard a 1919, shi ne ya aro dabarar tsangayar shari'a. Maimakon a ba ɗalibi ƙa'ida ya haddace, sai a ba shi labarin wata matsala da ta auku a wani kamfani, a ce masa: ga ka a kujerar manaja, me za ka yi? Labari na farko da aka rubuta domin wannan ya fito a 1921, shafi ɗaya tak, a kan wani kamfanin takalma da aka kira General Shoe. Ma'aikatansa suna daina aiki kusan minti arba'in da biyar kafin lokacin tashi, alhali kamfanin yana da odar da ya kasa cikawa. Labarin bai ba da amsa ba. Ya bar ɗalibi da tambayar abin da ya kamata ya bincika kafin ya yanke hukunci. Ranar da na karanta wannan shafi jikina ya yi sanyi, domin kusan matsalar da aka ɗora mini ke nan a Kano, ni kuwa na yanke hukunci kafin in bincika.

Rinjaye bai daɗe a gefe ɗaya ba. A 1959 gidauniyoyin Ford da Carnegie suka fitar da rahotanni biyu da suka yi wa makarantun kasuwanci na Amurka kaca-kaca, suka ce sun zama wuraren koyon sana'a marasa zurfin ilimi. Makarantun suka amsa da rungumar lissafi da ƙididdiga da ilimin tattalin arziki. Martabarsu ta ɗaukaka a cikin jami'a, malamansu kuma suka ƙara nisa da bakin inji.

Duk da haka, an sami waɗanda suka ƙi zama a ofis. A cikin shekarun 1950, Joan Woodward ta bi masana'antu ɗari a kudancin Essex ta Ingila, tana neman ta ga ko masu bin ƙa'idojin littafi sun fi samun nasara. Ba ta ga wata alaƙa ba. Abin da ta gani shi ne tsarin da ya dace da masana'anta ya danganta da irin aikin da take yi: mai ƙera kaya ɗai-ɗai bisa oda, da mai fitar da dubbai iri ɗaya, da mai sarrafa ruwan sinadari ba tsayawa, kowacce da shugabancin da ya karɓe ta. Henry Mintzberg kuma ya bi manyan shugabanni biyar, kowanne mako guda, yana rubuta duk abin da suka yi. Fayol, injiniyan ma'adinai na Faransa, ya rubuta a 1916 cewa aikin manaja shi ne tsarawa da shiryawa da umarni da daidaitawa da sa ido. Mintzberg ya bayyana a 1973 cewa rabin ayyukan mutanen da ya bi ba su kai minti tara ba kowanne, yininsu duk a katse yake da waya da baƙi da ƙananan gobara. Waɗannan masana biyu sun yi abin da Bahaushe ya daɗe da faɗa, gani ya kori ji.

Da Ra'o'in Suka Iso Gida

Ra'o'in nan ba su tarar da ƙasar Hausa fayau ba. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya taso a fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja, da jirgin ƙasa ya iso Kano kuma cinikin gyaɗa ya buɗe, ya gina rundunar wakilai da yake ba jari su shiga ƙauyuka su saya masa. Riƙe irin wannan runduna yana buƙatar zaɓen mutane da rarraba iko da bin sawun kuɗi, duk abubuwan da littafi yake ba sunaye. Haka nan masanin nan Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya bayyana a littafinsa na 1969 yadda masu gida Hausawa suke saukar da fataken shanu, yaransu su yi dillanci, a ba mahauta shanu bashi ba tare da takarda ba, maigida ya tsaya a matsayin lamuni. Abin da ke riƙe da wannan ciniki shi ne suna: wanda ya ci amana sau ɗaya, labarinsa zai riga shi isa kowace kasuwa. A shekara huɗu da na yi a jami'a, ba a taɓa kawo mana ɗayan waɗannan a matsayin darasi ba.

Koyar da gudanarwa irin ta zamani a Arewa ta faro ne daga buƙatar gwamnati. Makarantar horar da akawuna da aka buɗe a Zariya a 1947 ita ce ta girma ta zama Cibiyar Koyar da Sha'anin Mulki da ke Kongo, wadda ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. A daidai wannan zamani masana'antu suna tasowa: masaƙar Kaduna ta farko ta fara aiki a 1957 da haɗin gwiwar wani kamfanin Ingila, Bompai ta Kano tana cika da injuna. Dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta sa aka shiga neman manajoji 'yan gida ido rufe. Aka ɗauko littattafan Amurka da Ingila yadda suke, da misalansu na kamfanonin mota da na ƙarfe, aka ɗora wa ɗalibai.

Gwaji mafi girma da aka yi wa ra'in gudanarwa a Nijeriya shi ne na hukumar Jerome Udoji, wadda gwamnatin Janar Gowon ta kafa a 1972 domin duba aikin gwamnati, ta miƙa rahotonta a 1974. Zuciyar rahoton ita ce a sauya salon aiki, a koma auna ma'aikaci da sakamako. Daga cikin abin da ta ba da shawara har da tsarin gudanarwa bisa manufa, wanda Peter Drucker ya yaɗa tun 1954, inda shugaba da na ƙasa da shi za su zauna su amince a kan abin da za a cim ma, a ƙarshen shekara su duba tare. Ƙarin albashi wani reshe ne na rahoton. Amma a farkon 1975 reshen ne aka sare aka kai kasuwa: aka biya ƙarin haɗe da ariyas tun daga watan Afrilu na 1974, ma'aikatan kamfanoni suka shiga yajin neman nasu, farashin kaya ya yi tashin gwauron zabo. Har yau idan dattijo ya ce “Udoji”, kuɗi yake nufi, da rediyo da babur da aka saya da su. Kafin shekarar ta ƙare, gwamnatin Janar Murtala ta sallami ma'aikata sama da dubu goma. A ganina wannan ya ƙarasa abin da ya rage, domin tsarin Drucker yana tsayawa ne a kan ma'aikaci ya iya faɗa wa shugabansa gaskiyar abin da ya gagara, wanda kuwa ya ga an kori na gaba da shi ta sanarwar rediyo ba zai sake kai kansa ba.

Akwai kuma binciken da ya fi kusa da ƙofarmu. Paul Lubeck ya yi nazarin leburorin masana'antun Kano a farkon shekarun 1970, ya fitar da littafinsa a 1986. Ya nuna cewa da yawansu almajirai ne da suka baro karatun allo suka shiga aikin inji, kuma lokacin salla yana daga cikin abubuwan da suka riƙa haddasa saɓani tsakaninsu da masu kamfani. Littafin yana nan a ɗakin karatu tun kafin a haife ni. Ban buɗe shi ba sai bayan da mai aukuwa ta auku.

Abin da Famfo Ya Koya Mini

Masana'antar da aka tura ni tana yin bokitai da butoci da kofuna. Kukan manajan sashen sarrafawa shi ne kullum daga la'asar zuwa canjin aiki, kayan da ake fitarwa sai su ragu. A wurinsa dalili a fili yake, lalaci ne, kuma ni da na karanta McGregor na gane nan take cewa ina gaban mai ra'in da ya kira X, wanda ke ɗaukar ma'aikaci a matsayin maƙiyin aiki. Na ƙudurta zan nuna masa kuskurensa. Na raba takardun tambayoyi da na gina a kan ra'in Herzberg, da Turanci. Yawancin leburorin akawun sashe ne ya cika musu, kuma kusan kowa ya nuna ya gamsu da komai.

Da wannan ta ƙi, sai manajan ya ce tunda ina da lokaci, in riƙa rubuta masa lokacin da kowa ya bar injinsa da lokacin da ya dawo. Na karɓa da murna, ina ganin ga kimiyya ta samu. Mako biyu ina tsaye da agogon wayata. Jerin da na miƙa ya nuna wasu samari biyu, ma'aikatan wucin gadi, su ne kullum na ƙarshen dawowa daga sallar la'asar. Ranar Asabar aka biya su, aka ce kada su dawo. Ranar Litinin na yi sallama a sashen, aka amsa mini ciki-ciki, ba wanda ya ɗago kai.

Wani dattijon heluma da ya fi shekara ashirin a wurin ne ya yafuto ni da la'asar ta yi.

“Ɗan samari, yau a ina za ka yi alwala?”

“A ofis, Baba, inda na saba.”

“To yau zo mu je namu.”

Ya kai ni bayan sito. Famfo ɗaya ne, ga layin mutane ya miƙe har ya karya kwana. Ruwan yana zuba siriri kamar zare, domin tankin da ke ba shi shi ne ke ba injuna ruwan sanyaya su, da yamma kuwa ya riga ya yi ƙasa. Na ce, “Baba, ai butoci muke yi a nan.” Ya yi murmushi ya ce duk wanda masu gadi suka gani da buta a wajen sashe, ɓarawo ne a dokar kamfani. Sannan ya nuna mini ƙarshen layin.

“Ka ga masu tsayawa can baya? Yara ne. Yaron kirki ba ya shiga gaban sa'an ubansa a wurin alwala. Waɗancan biyun da ka rubuta, su suka fi kowa kunya.”

Ban iya ce masa komai ba. Agogona bai yi ƙarya ba, kowane minti da na rubuta gaskiya ne. Ladabi na auna, na kai wa manaja da sunan lalaci. Na yi abin da aka yi a Watertown, na tsaya a kan mutane da agogo ban tambaye su ba. Na manta darasin maza goma sha huɗu na Hawthorne, cewa ma'aikata suna da dokokinsu da ba a rubuta ba. Na tsallake tambayar da shafin General Shoe ya yi tun 1921. Duk na ci jarrabawa a kan Taylor da Mayo, amma ban san tarihinsu ba, sai taƙaitattun jerin da ake haddacewa.

Da na kai wa malamin da ke duba kundina labari, ya yi shiru, sannan ya ce in yaga babi na huɗu in koma. Na koma da agogon nan dai, amma wannan karon layin na auna, da izinin masu layin, heluma yana riƙe mini takarda. Na rubuta wa manaja shafi ɗaya: ga mintocin da ke tafiya a jiran ruwa, ga abin da za a kashe a ajiye duro biyu a cika su tun da safe, ga butocin da suka fito da tabo waɗanda dama niƙe su ake yi, a yi musu alama a bar su a wurin, a kuma raba masu salla kashi biyu yadda inji ba zai zauna ba kowa. Na ƙara da cewa jerin da na ba shi a baya kuskure ne, ina roƙon a dawo da samarin. Ya karanta ya ce, “Shi ke nan? Duro?” Na ce, “Shi ke nan, ranka ya daɗe.” Bai ce na yi daidai ba, amma a makon aka kawo duro, kuma kafin in bar wurin ya daina kukan la'asar. Ɗaya daga cikin samarin ya dawo. Ɗayan an ce ya koma garinsu, na yi cigiya har na gaji.

Kammalawa

Wanda ya bi wannan tarihi daga Bethlehem zuwa Kongo zai ga abu guda yana maimaituwa. Kowane ra'i an haife shi a wani wuri, domin wata matsala, a hannun mutumin da ya tsaya ya duba da idonsa. Idan ya shiga littafi sai a yanke masa wurin da matsalar, a bar jerin ƙa'idoji, ɗalibi ya ɗauka cewa maganin kowace cuta ne. Ban fito daga wannan bincike ina raina ra'i ba. Awon Taylor ne ya shawo kan manajan da ba zai saurari roƙo ba, sauraron da aka koya a Hawthorne ne ya nuna abin da ya kamata a auna, Woodward kuma ta ba ni hujjar cewa masana'antar da ke tsayawa salla ba za a tsara ta kamar wadda ba ta tsayawa ba.

Saboda haka ina ganin abu uku sun wajaba a sassanmu na nazarin kasuwanci. A koyar da kowane ra'i tare da tarihinsa, har da inda ya faɗi. A rubuta labaran matsalolinmu, na masaƙun Kaduna da suka rufe, da rahoton Udoji, da masu gidan Sabo, da 'yan Kantin Kwari, a sa ɗalibai su yi muhawara a kansu kamar yadda Donham ya yi da kamfanin takalma. Sannan kada a bar ɗalibi ya raba takardar tambayoyi a wurin aiki sai ya yi kwanaki yana zaune da masu aikin, yana magana da su da harshen da suke ji, ya kuma san cewa abin da zai rubuta yana iya taɓa tukunyar wani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kundina ya sami maki mai kyau, yana can a kan kanta tare da ɗaruruwan irinsa. A shafin sadaukarwa, bayan iyayena, na sa saurayin nan da ya koma garinsu. Sunansa na farko kawai na sani, shi ma daga jerin da na rubuta na samo shi.